Me ya sa Singafo ta dakatar da gina cibiyoyin adana bayanai, kuma a kan wa nauyin dakatarwar ya faɗa?

Ɗalibar Tsara Birane ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin tsara birane, kuma binciken da nake shirin rubutawa ya shafi yadda hukumomi ke ba da izinin gina cibiyoyin adana bayanai a biranen da jama'a suka yi yawa kuma fili ya yi ƙaranci. Ina nufin manyan gine-ginen nan da ake jibge dubban kwamfutoci a cikinsu domin su riƙe saƙonninmu da hotunanmu da lissafin bankunanmu dare da rana.

Misalin da ya tsaya mini a rai shi ne na Singafo. Faɗin ƙasar kimanin murabba'in kilomita 735 ne, mutanenta sun kai wajen miliyan shida, kuma duk wanda ya karanta tarihinta ya san cewa da zawarcin masu zuba jari daga waje ta gina arzikinta. Duk da haka, a shekarar 2019 gwamnatinta ta daina amincewa da sababbin cibiyoyi, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai a 2022.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a yadda aka koyar da mu, ana auna gini ne da yawan mutanen da zai tara, da motocin da zai jawo kan titi, da hayaniyar da zai yi, da ruwan da zai sako wa magudanai. Cibiyar adana bayanai kuwa ba ta tara jama'a, ba ta cunkushe titi, kuma a jadawalin rabon filaye yawanci tana faɗawa ne a ajin rumbunan ajiye kaya ko ƙananan masana'antu. To da wace hujja mai tsara gari zai hana ta? Sannan ina so in ji daga waɗanda suka san harkar ko dakatarwar ta yi amfani, ko kuwa korar masu jari kawai ta yi zuwa maƙwabta. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Lantarki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ta farko ita ce ki ajiye ma'aunin murabba'in mita, ki ɗauki ma'aunin megawat, wato ma'aunin ƙarfin wutar lantarki, domin da shi masu wannan harka suke ciniki, kuma da shi gwamnatin Singafo ta yanke hukuncinta.

Na yi shekaru ina aikin haɗa wuta a irin waɗannan gine-gine. Idan kika shiga babban zauren, abin da za ki fara ji shi ne sanyin da ke ratsa riga da kuma ƙarar dubban ƙananan fankoki wadda ba ta yankewa ko na daƙiƙa ɗaya. Za ki ga akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum an jera su layi-layi, fitilu ƙanana suna ƙiftawa a jikinsu, kuma kina iya tafiya daga wannan bango zuwa wancan ba ki haɗu da kowa ba. Amma idan kika zagaya bayan layin kika kai hannunki, iska mai zafi ce za ta buge ki kamar kin tsaya a bakin tanda. Kusan duk wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa, kuma dole a fitar da zafin nan nan take, in ba haka ba na'urorin su kashe kansu. Saboda haka ana biyan kuɗin wuta sau biyu: na farko domin kwamfutocin su yi aiki, na biyu domin a sanyaya su. A ƙasashe irin su Suwidin da Finlan ana iya jawo iskar waje mai sanyi a rage wannan nauyi. Singafo kuwa tana dab da layin ikweta da ya raba duniya biyu, zafi da laima ba sa barinta duk shekara, don haka injinan sanyayawa ba su da ranar hutu.

A shekarar 2020 waɗannan cibiyoyi kaɗai sun sha kimanin kashi 7 cikin ɗari na dukkan wutar da ƙasar ta yi amfani da ita. Wajen kashi 95 cikin ɗari na wutar Singafo da iskar gas ake samar da ita, gas ɗin kuma sayo shi ake yi, wani ta bututu daga Malesiya da Indonesiya, wani a jiragen ruwa. Ba su da kogin da za a datse a yi madatsar lantarki, iskarsu ba ta da ƙarfin juya manyan fankoki, kuma filin da za a shimfiɗa allunan hasken rana bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuma ƙasar ta ɗauki alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ma'ana, kowace sabuwar cibiya ƙarin gas ce da za a sayo a ƙone, kuma ragi ce a kason wutar da asibiti da jirgin ƙasa da masana'antar haɗa magunguna za su nema gobe.

Matsalar fili tana da magani, domin ana iya hawa sama. Cibiyar da Facebook ya sanar a 2018 cewa zai gina a yammacin tsibirin bene ce mai hawa 11, alhali a Amurka irin wannan gini shimfiɗa shi ake yi a ƙasa saboda fili ba ya wahala. Wuta kuwa ba a ɗora ta hawa-hawa.

Yadda suka buɗe ƙofar ne ya fi dacewa da bincikenki. Ba su koma tsarin da ba, wanda duk mai kuɗi zai sayi fili ya nemi a ja masa wuta. A watan Yulin 2022 hukumomi biyu, EDB mai kula da jawo jari da IMDA mai kula da harkar sadarwa, suka fitar da gayyata, suka ce ga ɗan kason wuta an ware, duk mai so ya kawo tsarinsa a gwada. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne ma'aunin da muke kira PUE kada ya wuce 1.3. Lissafinsa mai sauƙi ne: ana raba dukkan wutar da ginin ya sha da wadda ta isa ga kwamfutocin kansu. Idan amsar ta fito 2, to rabin wutar a sanyayawa da sauran hidima ta ƙare. Idan ta fito 1.3, to a kan kowane wat ɗari da kwamfuta ta ci, talatin kaɗai aka kashe wajen yi mata hidima, kuma cim ma wannan a ƙasa mai zafi ba ƙaramin aiki ba ne. An kuma duba abin da kowane kamfani zai ƙara wa tattalin arzikin ƙasar da haɗinta da sauran duniya ta intanet. A watan Yulin 2023 aka bayyana waɗanda suka yi nasara, wato kamfanonin Equinix da GDS da Microsoft da haɗin gwiwar AirTrunk da ByteDance, aka raba musu kimanin megawat 80 su huɗu. Ki kwatanta wannan da ƙarfin cibiyoyi sama da 70 da ƙasar ke da su, wanda ya haura megawat 1,400, za ki ga da cokali aka auna musu.

A ganina wannan dabara ce mai kyau, domin gwamnati ta gane abin da ke da tsada a hannunta, ta daina bayar da shi ga wanda ya riga zuwa, ta koma bayar da shi ga wanda ya fi iya tattalinsa.

Mazaunin Johor ya amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka a kan injina ba shi da gyara. Amma ina roƙon Malama ta saurari labarin daga wannan gefen ruwa kafin ta rubuta cewa dabarar ta yi nasara.

Karatu ne ya kawo ni jihar Johor ta Malesiya, kamar yadda ya kawo 'yan'uwanmu da dama daga Arewa, daga baya aiki ya riƙe ni. Tsakaninmu da Singafo mashigin ruwa ne siriri, kuma tsohuwar hanyar da ta haɗa mu ba ta wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Saƙo a cikin wayar intanet yana ƙetare wannan tazara kafin ƙiftawar ido, don haka kamfanin da ke da ofis a Singafo ba ya jin wani bambanci idan kwamfutocinsa suna Johor. Masu jari sun san da haka tun kafin a rufe musu ƙofa.

A shekarun farko na zamana, idan na bi babbar hanya zuwa arewa ta wajen Kulai, ba abin da ido ke gani sai gonakin kwakwar manja, kore shar har iyakar gani. Yanzu a Sedenak za ka tarar an share ƙasa ta koma ja, an kafa manyan gine-gine masu launin toka waɗanda ba su da taga, an jera injinan sanyayawa a kan rufinsu, ga sababbin turakun wuta suna ratsa gonaki zuwa gare su. Na taɓa wucewa bayan sallar isha'i na ga magina suna aiki a ƙarƙashin fitilu kamar rana tsaka. Haka abin yake a Nusajaya. Kuma ba baƙin fuska ba ne ke ginin, domin GDS da AirTrunk da Equinix, waɗanda Injiniya ya ambata, dukkansu sun gina cibiyoyi a Johor. Wasu kuma sun gangara kudu zuwa tsibirin Batam na Indonesiya.

Ga inda nake da ja. Wutar wannan ɓangare na Malesiya da kwal da gas ake samar da mafi yawanta, kuma kwal ya fi gas hayaƙi nesa ba kusa ba. Idan manufar dakatarwar ita ce rage hayaƙi, to hayaƙin bai ragu ba, littafin da ake rubuta shi ne ya sauya, sararin sama kuwa ɗaya ne a kanmu duka.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi sosa ran mutanen nan. Yawancin waɗannan cibiyoyi da ruwa suke fitar da zafi, ruwan ya tashi ya zama tururi ya bi iska, ba ya dawowa famfo. Tun 1962 akwai yarjejeniyar da ta bai wa Singafo damar ɗibar galan miliyan 250 a kullum daga Kogin Johor, a kan sen uku (kwabon kuɗin Malesiya) kowane galan dubu, kuma ba za ta ƙare ba sai 2061. Wannan tsohuwar magana ce mai zafi tsakanin ƙasashen biyu. Don haka idan maƙwabtana suka ga ana gina abin da zai sha ruwan jiharsu domin hidimar kasuwar da ke ƙetaren mashigi, ba sa kallonsa a matsayin sabon abu, tsohon miki ne ake fama musu.

Ba zan ɓoye cewa gwamnatin Johor da hannu biyu ta karɓi masu jarin ba, kuma masu filaye da 'yan kwangila da masu sayar da abinci a bakin wuraren gini sun samu rabonsu. Amma a 2024 ita ma jihar ta kafa kwamitin tantance buƙatun gini, har ta mayar da wasu saboda ba su gamsar da ita a kan ruwa da wuta ba. Wato tambayar da Singafo ta yi wa kanta a 2019 ta ƙetaro ta same mu, sai dai mu ta same mu ne bayan an riga an zuba harsashi da yawa.

Tsohon Jami'in Filaye ya amsa:

'Yata, na yi ritaya daga aikin da kike shirin shiga, kuma tambayarki ta farko ta faranta mini rai, domin kin gano raunin jadawalinmu da kanki. An tsara shi ne a zamanin da ginin da ke cin wuta da yawa yake zuwa da hayaƙi da ƙara da ɗaruruwan ma'aikata, har ya zama ba ya ɓoyuwa ga kowa. Yanzu ga gini shiru kamar rumbun hatsi, amma yana iya jan wutar da za ta wadaci dubban gidaje, kuma takardar neman izini ba ta da gurbin da za a rubuta hakan.

Ki karanta abin da ya faru a yammacin Landan, domin ya nuna illar a fili. A 2022 hukumar birnin ta sanar da masu gina gidaje a unguwannin Hillingdon da Ealing da Hounslow cewa manyan ayyukansu na iya jiran haɗin wuta har zuwa 2035. Babban dalili shi ne cibiyoyin adana bayanai da suka bi layin wayoyin intanet ta wannan yanki zuwa garin Slough sun riga sun kama gurbi a tashoshin rarraba wuta, kuma ƙa'idar kamfanin wuta a lokacin ita ce wanda ya riga nema shi ake fara bai wa. Babu wanda ya karya doka. Ƙaramar hukuma ta duba fili ta amince, kamfanin wuta ya duba layi ya amince, amma babu teburin da aka zauna aka tambaya ko gari ya fi buƙatar gidaje ko kwamfutoci, alhali birnin yana kukan ƙarancin muhalli. A Ailan kuma kason waɗannan cibiyoyi a wutar ƙasa ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 21 a 2023, har ya zarce na dukkan gidajen birane, kuma ya zama dole a taƙaita sababbin haɗi a yankin Dublin. Amsterdam ma ta yi tata dakatarwar a watan Yulin 2019.

Abin da ya bambanta Singafo shi ne makullan duka suna hannu ɗaya. Birnin shi ne ƙasar, gwamnati ce ke da kusan kashi 90 cikin ɗari na filaye, kuma hukumar JTC ce ke bayar da hayar filayen masana'antu na wa'adi, yawanci shekara 30. Mai ba da fili da mai tsara wuta da mai zawarcin jari duk ga majalisar ministoci ɗaya suke amsawa. Wanda ya kwafi dakatarwarsu ba tare da wannan haɗin kai ba, fatar kawai ya ɗauka.

Ɗan'uwanmu na Johor ya faɗi gaskiya, sai dai ba zan ɗora wa Singafo laifin duka ba, domin haƙƙin kowace gwamnati ne ta san iyakar abin da za ta iya ɗauka. Kuskuren shi ne an yi tsari a kan iyakar siyasa, alhali waya da ruwa da hayaƙi ba su san wannan iyaka ba. Yarjejeniyar yankin tattalin arziki na musamman da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a watan Janairun 2025 dama ce ta a zauna a yi lissafin tare, kuma ya kamata ki bibiyi abin da za ta haifar.

Idan za ki waiwayi gida a babi na ƙarshe, Legas ce wurin dubawa, domin a can manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, kuma a can Equinix ya sayi MainOne, kamfanin wayar intanet ta ƙarƙashin teku da cibiyoyin adana bayanai, a 2022 a kan dala miliyan 320. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ke nan yanzu jiha tana iya riƙe makullan biyu a lokaci guda, idan ma'aikatunta suka yarda su zauna a teburi ɗaya.

Ɗalibar Tsara Birane ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, kuma na gode wa Injiniya da ɗan'uwanmu na Johor. Na fahimci cewa dole in sake fasalin binciken, in mayar da rabon wuta da ruwa su zama ginshiƙinsa, kuma in haɗa Johor a cikin taswirar da zan yi nazari a kanta. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya. Sharuɗɗan da ka ambata sababbin gine-gine suka shafa, alhali mafi yawan wutar tsofaffin cibiyoyin ne ke shan ta. Shin akwai abin da aka tanadar musu? Kuma yanzu da ake rububin fasahar ƙirƙirarriyar basira, megawat 80 za ta kai su ina?

Injiniyan Lantarki ya sake amsawa:

Ba za ta kai su ko'ina ba, Malama, kuma gwamnatin ta san da haka. A watan Mayun 2024 ta fitar da sabon tsari wanda ya yi alkawarin ƙarin aƙalla megawat 300 nan kusa, tare da damar samun fiye da haka ga kamfanin da ya zo da wuta mai tsabta. Akwatin kwamfutocin da muka saba haɗawa yakan ci kilowat biyar zuwa goma, amma na ƙirƙirarriyar basira na yanzu akwai mai cin sama da ɗari, kuma iska ba ta iya kwashe wannan zafi, sai an ratsa bututun ruwa har kan ƙwaƙwalwar na'urar.

Game da tsofaffin gine-gine, tsarin na 2024 ya sa musu burin su ma su sauko zuwa 1.3 cikin shekara goma, ya kuma sa ma'aunin ruwa, wato kada a wuce lita 2,000 a kan kowace megawat da aka sha na awa ɗaya. Kafin nan, a 2023, ƙasar ta fitar da ƙa'ida mai lamba SS 697, wadda ke koya wa masu cibiyoyi yadda za su ɗaga zafin zaure sannu a hankali zuwa digiri 26 ko sama da haka. A al'adar aikinmu akan riƙe zaure a digiri 22 ko ƙasa, al'adar da aka gada daga ƙasashe masu sanyi da kuma tsofaffin na'urori marasa juriya. Lissafin hukumar IMDA shi ne kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na wutar sanyayawa. Wahalar ba a injin take ba, a yarjejeniyar haya take, domin banki ko kamfanin da ya ajiye kwamfutocinsa yakan rubuta zafin da yake so a takarda, kuma manaja ba ya taɓa ma'aunin sai mai kaya ya yarda.

Na karɓi gyaran ɗan'uwanmu na Johor, domin ma'aunin PUE ba ya faɗin inda wutar ta fito, kuma cibiya mai 1.2 da ke shan wutar kwal ta fi mai 1.4 da ke shan ta gas hayaƙi. Idan kika zo tattara alƙaluma, ki nemi abu uku a kan kowace cibiya: megawat nawa ta nema aka ware mata, nawa take ja a zahiri, da kuma irin ruwan da take sanyayawa da shi, ko na sha ne ko wanda aka tace daga magudanai irin NEWater na Singafo. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu za ta ba ki mamaki, domin kamfanoni kan kama gurbin da ba za su cika ba sai bayan shekaru, kuma duk tsawon wannan lokaci tashar rarraba wuta tana lissafa shi a matsayin wanda aka riga aka bayar.